Ƙwan da Aka Bari a Tudu

Asabar, da sassafe

To, na danna jan abin. Dakta Ayele ta ce idan ɗan hasken ya kama in yi magana kawai, kamar ina hira da mutum, amma in fara da faɗin rana da lokaci. Yau Asabar. Ni ce Araba Tawiya, mai bandar kifi. Shekaruna kuwa sai a tambayi gwiwoyina.

Dakta 'yar Lome ce. Ruwan sanyi take bi, wannan da ke tasowa daga ƙarƙashin teku duk shekara ya kawo mana eban, ɗan kifin da muke ci muke sha da shi. Ta ce su da yawa ne masu aikin, wasu a Abijan, wasu a Kwatano, wasu a Legas, duk ruwa ɗaya suke gadi. Ita ta ba ni ke, 'yar akwati, in riƙa zuba miki labarin shekarun da, wace shekara ya zo da wuri, wace shekara ya ƙi zuwa. Sai ƙarshen wata za ta karɓe ki.

Bana ya zo da wuri. Na je na sa ƙafa ɗazu. Sanyi.

Wannan watan an rufe teku, wai kifi ya huta ya yi ƙwai. Kwalekwale duk suna kan yashi, an lulluɓe su da ganyen kwakwa. Duka. Namu dai an kai shi gyara. Haka wana Egya Bentsil ya ce a ce.

Ya isa haka. Ina abin kashewar?

Lahadi, bayan coci

An yi waƙa, ban buɗe baki ba. Aba Yaaba, maƙwabciyata, ta zauna kusa da ni tana ta murza bakin zanenta. Tare muka tashi da ita, tare muka koyi jera kifi a kan waya. Da muka fito ta ce, "Araba, tsohon nan bai tafi da maganinsa ba."

Mijinta take nufi, Egya Mbir. Ciwon suga gare shi.

Na ce, "Yi ƙasa da murya."

Ta ce, "Na ce masa, kai da ko tsaye ba ka iya sa wando, me za ka yi a can? Ya ce wai ruwa ba ya tambayar shekaru."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Sai muka bari.

Litinin, da hantsi

Labarin da aka ce in bayar, bari in bayar. Shekarar da ruwan sanyi ya fi kowace shekara, ina goyon autana. Eban ya yi yawa har itace ya ƙare a garin nan, muka ƙona tsohon ƙyauren ɗakin uwata muka yi banda da shi. Karnuka ma sun ƙoshi, suna tsallake kifi a hanya. Da safe hazo ne a kan teku, ba ka ganin tafin hannunka. Kowa na murna.

A shekarar ne mijina, Kwansa, ya fita teku, bai dawo ba. Zanensa muka binne, da yashi a ciki.

Uwata ta koya mini abu guda tun ina ƙarama. Ba a kiran sunan wanda ke kan ruwa. Teku tana da kunne. Sunan da ta ji ana kira daga tudu ta san ana son mai shi, sai ta riƙe. Saboda haka ke ma, 'yar akwati, kar ki sa rai za ki ji sunan autana a bakina. Ɗana ne, ya isa. Dogo ne, yana da wushirya, ba ya cin dokunu, tuwon masararmu, sai da barkono har ya yi hawaye.

Ranar Alhamis ya tsaya a bakin ruwa yana kallon tsuntsaye suna faɗawa can nesa. Ya ce, "Maame, kifi ba ya jin rediyo." Na ce masa ya shigo ya ci abinci.

Ba wannan aka ce in faɗa ba.

Litinin, da yamma

Na sa ƙafa. Sanyin ya fi na jiya.

Talata, da rana tsaka

Egya Bentsil ya zo. Shi ne babba a danginmu, kwalekwalen ma a hannunsa yake, kuma shi ke zama hannun daman sarkin masunta. Shi ya ɗauki ƙararrawa ya zaga gari da sanarwar rufe teku, da bakinsa.

Na ce, "Egya, mu faɗa."

Ya ce, "Mu faɗa wa wa? Su zo su ɗauke injin, su ɗauke komar, su hana duk bakin ruwan nan rabon mai? Za ki iya kallon matan garin nan?"

Na ce, "Ɗan ƙanwarka ne."

Ya ce, "Ni na koya masa riƙe inji. Ya taɓa kwana a ruwa ba sau ɗaya ba. Na aika wa mutanenmu na ƙauyukan gabas, suna duba bakin gaɓa a asirce. Kwalekwalen da injinsa ya mutu, gaɓa yake dawowa. Ki riƙe bakinki, Araba. Bakinki ya fi tanderunki hayaƙi."

Gaɓa yake dawowa, gaskiya ne, a sauran watanni. Na Kwansa bai dawo ba. Ban faɗa masa haka ba, ya sani.

Laraba, da hantsi

Dakta ta biyo ta rumfata. Tana jin yarenmu kaɗan-kaɗan, kamar mai tauna ƙashi. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Maame Araba, garinku ya burge ni. Ƙwayayena duk suna tudu."

Bari in gaya miki ƙwan. Wani ɗan abu ne rawaya, kamar ƙwan agwagwa, ta raba wa kwalekwale a ɗaure a gindinsu. Yana jin sanyin ruwa, yana kuma gaya mata inda kwalekwalen yake, tana gani a allonta. Maza ba su so shi ba, sun ce zai tona inda kowa ke samun kifi. Ɗana ne ya fara karɓa.

Ta ce, "Na ɗanki ne kawai ke ba mu dariya. Abokin aikina na Kwatano ya kira ni, ya ce Ayele, tekunku tafasa take yi? Ƙwan yana cewa zafi kamar miya."

Na ce, "Wurin gyara akwai rana."

Ta yi dariya, ta sayi kifi, ta tafi. Ƙwan yana bayanta, taku kaɗan, cikin tsohuwar tukunya kusa da tanderu. Ɗana ne ya ajiye shi can. Ya ce, "Maame, riƙe mini wannan, yana da surutu."

Da ta tafi na ɗauke shi na kai ƙarƙashin gado. Garin haka na zubar da gishiri.

Laraba, da faɗuwar rana

Aba Yaaba ta leƙo ta katanga. Ta ce, "Araba, maganar kwalekwale ta masu kwalekwale ce. Ni ba ni da bakin faɗa, kin sani."

Na sani. A wurinmu bare ba ya cewa kwalekwalen wani ya ɓata. In ya faɗa, kamar ya yi baki ne, duk abin da ya biyo baya a wuyansa. Sai jinin gidan.

Na ce, "Egya Bentsil na nema. Ki ƙara haƙuri."

Ta ce, "Haƙuri nawa ne a cikin jikin mai suga?"

Alhamis, da sassafe

Sanyi. Matan bakin ruwa suna ta guɗa, wai bana za a yi eban irin na da. Wata ta ce, "Maame Araba, ke da kika fi kowa son sanyi, me ya sa kika tsuke fuska?" Na ce haƙori ne.

Alhamis, da yamma

Ban dafa ba.

Juma'a, da hantsi

Na je makarantar coci, inda Dakta ta ajiye kayanta. Cewa na yi na zo tambaya saboda labarin da nake bayarwa. Na ce, "Dakta, idan ruwan ƙasa ya taso, na sama ina yake zuwa?"

Ta ji daɗin tambayar. Ta ɗebo ruwa a faranti, ta marmasa busasshen ganye a kai, ta hura daga gefe. Ganyen ya bar bakin farantin ya tafi tsakiya, ya karkata. Ta ce, "Kin gani? Na sama yana matsawa ne ya ba na ƙasa wuri. Yana barin gaɓa, ya shiga can ciki, sai babban ruwa ya kwashe shi ya yi gabas da shi."

Na ce, "Ba ya dawowa?"

Ta ce, "Ba a wannan watan ba."

Ta nuna mini allon. Wasu ɗigo-ɗigo ne a jere kamar tururuwa. Ta ce tuluna ne suka jefa a teku daga nan kusa da mu, makon jiya, suna tafiya duk inda ruwa ya je, suna aiko da labari. Na ce wace rana aka jefa su. Ta ce Alhamis.

Na ce ina suke yanzu. Ta sa yatsa. Yatsan ya wuce Lome, ya wuce garinsu gaba ɗaya, kuma ƙasa tana can sama, nesa da yatsan.

Na ce mata na bar wuta a tanderu.

Juma'a, da rana tsaka

Ba wuta na bari ba. Na zauna ne a bakin gado.

Ina ta tuna ganyen nan. Akwai wani ɗan guntu da ya maƙale a bakin farantin, bai tafi ba. Ina ta cewa a raina wataƙila shi ne.

Asabar, da sassafe

Egya Bentsil ya zo tun gari bai gama wayewa ba. Mutanen gabas ba su ga komai ba. Ko igiya. Ya zauna, ya cire hula. Ya tsufa a makon nan.

Ya ce, "An kusa buɗe teku. Ranar da aka buɗe, sai mu ce ranar suka fita. Kowa zai fita nema, ba wanda zai tambaya."

Na ce, "Sai an buɗe?"

Ya ce, "Ina zanensa na coci?"

Na ce, "Me za ka yi da zanensa?"

Ya dubi ƙasa. Na ce ya tashi ya bar mini ɗaki. Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa wana ya tashi ba.

Asabar, da yamma

Na kai. Na ƙulle shi a bakin zane kamar kuɗin cefane, na bi ta bayan coci don kar a gan ni. Na ajiye mata a kan tebur.

Ta dubi ƙwan, ta dube ni. Ta ce, "Maame, kwalekwalen fa?"

Na juya na dubi teku.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Ranar tulunanki."

Ta ce, "Su nawa?"

Na ce, "Huɗu. Ɗaya tsoho ne, ba shi da lafiya."

Na zaci za ta yi faɗa. Da ta yi, da na fi jin sauƙi. Ta dafe kai ne kawai, sannan ta jawo waya. Ta yi Faransanci, ta yi Turanci, ta yi yarensu, ta sake Faransanci. Na ji tana cewa Kwatano, na ji Legas. Ta tambaye ni launin kwalekwalen, da abin da aka zana a jikinsa, da wurin da ya saba jefa koma. Na faɗa. Ta ce sunansa. Na ce ta tambayi wani.

Ta ce, "Dole in sanar da hukuma, kin sani?"

Na ce, "Su ɗauki injin. Su ɗauki tanderuna ma."

Ta ce kwalekwale ba tulu ba ne, iska na tura shi, ba za su ce ga shi nan daidai ba. Amma suna da jirgi, na haɗin gwiwarsu, yana can gabas yana aune-aune, kuma za su roƙi duk wanda ke kan ruwan ya buɗe ido. Ta ce, "Da mun sani tun..." Sai ta haɗiye sauran.

Lahadi, da rana tsaka

Gari ya ji. Ban je coci ba. An jefo mini kan kifi a rumfa. Wata ta wuce tana cewa, "Wasu na azumi, wasu na ci a ɗaki." Sarkin masunta ya aiko a kira Egya Bentsil, ya karɓe ƙararrawar.

Aba Yaaba ta kawo mini dokunu. Ta ce, "Ci, tsohuwar kaza, in kin mutu wa zai riƙa ba ni haushi?" Muka ci tare. Ba ta ce komai a kan kwanakin da suka wuce ba. Ni ma.

Litinin, da sassafe

Sanyi.

Talata, da hantsi

Yau ba a shiga teku ko da a buɗe take, ranar hutunta ce. Ina cewa ko ranar hutu tana sakin abin da ta riƙe.

Dakta ba ta barci, idonta ya yi ja. Ta ce na Abijan ya lissafa iska, na Kwatano ya lissafa ruwa, sun yi ta gardama a waya, ɗaya ya ce kudu, ɗaya ya ce gabas, har wata ta Legas ta ce su yi shiru su raba wurin biyu. Na ce, ashe ku ma kuna faɗa kamar masu banda. Ta ce, "Mun fi ku."

Na tambaye ta ko ana ruwan sama a can. Ta duba ta ce an yi. Na ce to. Ɗana yana da tukunya a kwalekwalen, ta shinkafa, da zai tari ruwan sha. In bai jefar ba.

Laraba, da yamma

An ga wani abu. Gungumen itace ne.

Alhamis, da sassafe

Na tuna wani labari na shekarun da, na ce bari in ba ki, na danna, ya gudu. Ba na tuna komai. Ina jin muryarsa yana cewa Maame, gishiri ya yi yawa. Kullum sai ya ce gishiri ya yi yawa, kuma ya cinye.

Egya Bentsil ya zo ya tsaya a ƙofa, bai shigo ba. Ya ce, "Araba, akwai labari?" Na ce babu. Ya ce, "In an samu, ko wane iri ne, a fara gaya mini." Na ce ya shigo ya zauna. Ya ce a'a, nan ma ya isa.

Juma'a, da rana tsaka

Dakta ta zo da gudu, takalmi ɗaya a hannu. Ta miƙo mini waya. Ana ta shuu kamar ana soya abu. Sai na ji, can ƙasa, kamar muryar tsoho.

"Maame."

Na zauna a ƙasa. Ban san na zauna ba.

Na ce, "Ƙafarka a kan me take?"

Ya ce, "Ƙarfe. Jirgi ne. Sun ba mu shayi."

Na ce, "Har yanzu ruwa ne a ƙarƙashinku?"

Ya ce, "Ruwa ne."

To ban kira ba. Bakina ya cika da shi, na haɗiye. Na ce, "Ka sha shayin a hankali."

Ya ce, "Maame, Maame Yaaba na kusa?"

Tana kusa. Tana tsaye a bakin rumfa, hannunta duk toka. Na dube ta. Na ce masa, "Tana nan."

Wayar na ta shuu. Ya ce, "Ki matsa daga wurinta tukuna."

Ban matsa ba. Ba sai na matsa ba. Ta goge hannunta a zane, a hankali, yatsa bayan yatsa, ta juya ta shiga gida.

Asabar, ban san lokaci ba

Uku, cikin huɗun.

Lahadi, da yamma

Dakta ta ce can bayan Legas aka same su, kudu da inda tulunan suka bi. Na Abijan ne ya yi daidai. Za a sauke su, a duba su a asibiti, a sa su a mota.

Na shiga wurin Aba Yaaba. Mata sun cika ɗakin. An ciro zanen Egya Mbir, mai ruwan ƙasa-ƙasa, an aika a ɗebo yashi. Na zauna a gefenta. Da mutane suka ragu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce ranar Laraba ne. Wannan Larabar da ta wuce. An ce har Talata yana ba su labari suna dariya."

Na ce, "Haka aka ce."

Ta ce, "Ya daɗe, ko? Tsoho da shi, ba magani. Ya yi ta jira."

Na ce, "Ya daɗe."

Ta ce, "Wace rana na leƙo miki ta katanga?"

Ta sani. Ni ma na sani. Ta gyara mini ɗankwalina da ya zame, ta ce in je gida in share ɗaki, ina da mai zuwa.

Laraba, da sassafe

An buɗe teku. Kwalekwale sun dawo shaƙe, eban har a kan yashi, yara na kwasa a riga. An ce rabon da a ga irinsa tun shekarar da muka ƙona ƙyaure. Dakta, in kin zo nan a sauraronki, ga amsar abin da kika tambaya: ya zo da wuri, ya yi ƙarfi, an samu kifi. Sauran ki goge, ko ki bari, ban sani ba.

Ban kunna tanderu ba. Ita ma ba ta kunna ba.

Laraba, da faɗuwar rana

Motar ta tsaya a bakin coci. Ya sauko da kansa. Ya rame, leɓensa duk ya tsage, wushiryar ce kawai na gane. Wana na tsaye can nesa, hula a hannu.

Na jira ya wuce yashi. Na jira ya hau dakalin gidanmu, ya shiga, ya zauna a kan tabarma, na rufe ƙofar da ke kallon ruwa. Na taɓa ƙafarsa, busasshiya ce.

Na ce, "Ekow."

A hankali na faɗa. Katangarmu da ta Aba Yaaba ba ta da kauri.